Baƙuwa a Gidan Sarauta: Rayuwar Sarauniya Mariya ta Modena

Duk wanda ya zauna a unguwar Daurawa, nan tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da wuya sunan unguwar bai taɓa tuna masa da Daura da labarin Bayajida ba. Galibi in ana ba da wannan labari, hankalinmu yakan tafi ga macijiya da rijiyar Kusugu, mu manta da matan da ke cikinsa. Alhali kuwa akwai Magira 'yar Mai na Barno, wadda ta bar gidan ubanta ta bi mijinta gudun tsira, har ya bar ta da ciki a Garun Gabas. Akwai kuma Bagwariya, wadda ta haifi ɗa namiji ta sa masa suna Karɓagari, sa'an nan Daurama ta haifi nata ta kira shi Bawo, watau a maido mata da garinta. Ko ma yaya masana za su ɗauki gaskiyar labarin, sunayen nan biyu sun nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin haihuwa a gidan sarauta magana ce ta mulki, kuma asalin uwa yana bin ɗa har kan gado.

Wannan maƙala za ta duba rayuwar wata mata da wannan al'amari ya faɗa wa a ƙasar Turai, inda aka yi sa'a an rubuta kusan kome da ya same ta. Ita ce Mariya ta Modena, matar Sarkin Ingila James na Biyu. Ya kamata mai karatu ya lura cewa sarauniya a nan ba irin su Daurama ko Amina ta Zazzau ake nufi ba, waɗanda suka riƙe mulki da kansu. Matar sarki ce kawai, sai dai bisa al'adar Turawa akan naɗa matar sarki tare da mijinta, a sa mata kambi, a kira ta sarauniya.

An haife ta ranar 5 ga Oktoba 1658 a Modena, wata 'yar ƙaramar masarauta a arewacin Italiya. Cikakken sunanta Maria Beatrice, daga gidan Este. Ubanta Alfonso na Huɗu ya rasu a 1662 tana 'yar shekara uku da 'yan watanni, sai uwarta Laura Martinozzi ta riƙe ƙasar kafin ƙanenta Francesco ya girma. Yarinyar ta tashi cikin tsananin riƙo da addini, ta koyi Faransanci da Latin, kuma ba ta da wani buri da ya wuce ta shiga gidan zuhudu na mata, irin waɗanda muke kira Sista, ta ƙare rayuwarta ba aure.

Sai ga manzo daga Ingila a 1673. James, ƙanen Sarki Charles na Biyu, matarsa ta fari Anne Hyde ta rasu tun 1671, ta bar masa 'ya'ya mata biyu, Mary da Anne. Sarki Charles kuwa ba shi da ɗan halak, don haka James shi ne mai jiran gado, yana neman matar da za ta haifa masa namiji. Mariya ta ƙi, ta yi ta kuka. Sai da Fafaroma Clement na Goma da kansa ya rubuta mata, yana nuna mata cewa aurenta zai fi amfanar addini bisa ga zuhudunta, sa'an nan ta yarda. Aka ɗaura aure a Modena ranar 30 ga Satumba 1673, ango ba ya nan, wakilinsa ne ya karɓa masa, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Amarya tana shirin cika shekara 15, ango yana dab da 40. Babbar 'yar mijinta, Mary, shekara huɗu kacal ke tsakaninsu.

Dalilin ƙiyayya

Kafin a fahimci irin tarbar da aka yi mata, dole a san halin da Ingila ke ciki. Mu nan Kano mun san cewa Kiristan Sabon Gari ba ɗarika ɗaya suke ba, akwai 'yan Katolika masu bin Fafaroma na Rum, akwai Angalika da sauran 'yan Furotesta, kuma kowa na zuwa majami'arsa lafiya. A Ingila ta wancan zamani wannan bambanci ya ci rayuka. Sarki Henry na Takwas ya ɓalle daga Rum a 1534. 'Yarsa Mary ta Ɗaya ta maido da Katolika, aka ƙone 'yan Furotesta wajen 300 a zamaninta. A 1588 Sifaniya ta turo jiragen yaƙi don ta ci Ingila, a 1605 kuma aka kama wasu 'yan Katolika suna shirin tarwatsa Majalisa da albarushi. Saboda haka talakan Ingila in ya ji an ce Katolika, abin da ke zuwa masa a rai shi ne wuta da mamayar baƙi da mulkin danniya irin na Sarkin Faransa Louis na Goma Sha Huɗu.

Har ila yau, ba ita ce baƙuwar Katolika ta fari a wannan gida ba. Surukarta Henrietta Maria, uwar James, 'yar Sarkin Faransa ce, kuma an ɗora mata wani kaso na laifin yaƙin basasar da ya kai ga sare kan mijinta Charles na Ɗaya a 1649. Matar Charles na Biyu ma, Catherine, 'yar Katolika ce daga Fotugal, sai dai ita ba ta haihu ba, don haka tsoronta bai yi tsanani ba. Abin da ya bambanta Mariya shi ne mijinta da kansa ya riga ya koma Katolika, kuma asirin ya tonu a shekarar auren, sa'ad da Majalisa ta yi doka cewa duk mai riƙe da muƙami sai ya yi rantsuwar da ɗan Katolika ba zai iya yi ba. James ya gwammace ya ajiye muƙaminsa na shugaban sojan ruwa. Majalisa ta nemi a fasa auren, Sarki ya ƙi. Da amarya ta sauka a Dover cikin Nuwamba, mutanen Landan suna kiranta 'yar Fafaroma.

Abin mamaki, auren da aka fara da kuka ya zama na ƙauna, aƙalla daga ɓangarenta. Ta koyi Ingilishi da sauri, ta yi zaman arziki da 'ya'yan mijinta, musamman Mary. Amma haihuwa ta zame mata jarrabawa. Ta haifi Catherine Laura a 1675, ta rasu cikin shekarar. Namijin da ta haifa a 1677 agana ta kashe shi yana da wata guda. Charlotte Maria ta 1682 ba ta wuce 'yan makonni ba. Isabella ce kaɗai ta ɗan daɗe, ita ma ta rasu a 1681 tana 'yar shekara huɗu. Ban da ɓari da ta yi ta yi a tsakani. Duk mutuwar da ta sa ta kuka kuwa, wasu a ƙasar ajiyar zuciya suke yi, domin muddin ba ta da ɗa namiji, gado zai koma ga Mary, wadda aka raina a kan Furotesta, aka kuma aurar da ita a 1677 ga William na Holan, ɗan 'yar'uwar James. Auren zumunta ke nan.

Gudun hijira ma ta ɗanɗana shi tun kafin ta zama sarauniya. A 1678 wani maƙaryaci mai suna Titus Oates ya ƙaga labarin cewa 'yan Katolika na shirin kashe Sarki. Aka binciki gidan magatakardanta Edward Colman, aka sami takardun da yake aikawa fadar Faransa, aka kashe shi. Ita da mijinta aka fitar da su zuwa Brussels a 1679, daga nan zuwa Edinburgh ta Sikotilan, ba su dawo Landan sosai ba sai 1682.

Kaskon wuta

Charles ya rasu cikin Fabrairu 1685, James ya hau gado, aka naɗa su tare ranar 23 ga Afrilu. Da farko ƙasa ta karɓe shi, domin ana ganin dattijo ne da ya haura 50, ba shi da magaji namiji, ba kuma za a daɗe ba. James ne ya ɓata wa kansa. Ya ƙara yawan soja, ya naɗa 'yan Katolika hafsoshi ba da yardar Majalisa ba, ya dakatar da dokokin addini da ikon kansa, daga bisani har ya gurfanar da manyan limaman Angalika bakwai gaban shari'a don sun ƙi a karanta sanarwarsa a majami'u. A wannan lokaci abin da ya fi damun Mariya a cikin gida shi ne farkar mijinta, Catherine Sedley, wadda ya ba babbar sarauta a 1686, har sai da Sarauniya ta tada hankali aka tura matar Ailan.

A ƙarshen 1687 aka ba da sanarwar cewa Sarauniya na da ciki, bayan shekara biyar rabonta da haihuwa. Wasu 'yan Katolika suka yi wautar bugun ƙirji cewa lalle namiji ne, abin da ya sa abokan gaba suka fara raɗe-raɗin cewa cikin na ƙarya ne. Ranar 10 ga Yuni 1688 ta haifi ɗa namiji a fadar St James, aka sa masa suna James Francis Edward.

A al'adarmu, naƙuda sirri ce, daga ungozoma sai tsofaffin gida, ko miji ba ya shiga. A fadar Ingila kuwa ɗakin ya cika maƙil da mata da maza, har da manyan 'yan majalisar Sarki, domin su shaida. Duk da haka, kafin mako ya zagayo labari ya game gari cewa jaririn Sarauniya ya zo ba rai, ko ma ba ta taɓa yin cikin ba, wai an shigo da ɗan wata ne a ɓoye cikin kaskon ɗumama gado. Wannan kasko na tagulla ne mai murfi da dogon mariƙi, ana zuba masa garwashi a goga shi cikin shimfiɗa lokacin sanyi, aikinsa ɗaya da kaskon wutar da tsofaffinmu ke sawa a ɗaki da hunturu. Wanda ya ga girman irin wannan kasko ya san jariri ba zai shiga cikinsa ya fito da rai ba. Amma jita-jita ba ta bukatar ta yi kama da gaskiya in dai mutane na son ta. Gimbiya Anne, wadda da ta tsaya da ta zama babbar shaida, ta tafi garin Bath shan iska kafin haihuwar, sa'an nan ta riƙa rubuta wa yayarta a Holan cewa ita fa ba ta gamsu ba. Mu da muka san 'yan'ubanci ba sai an yi mana dogon bayani ba. Cikin Oktoba sai da Sarki ya tara shaidu fiye da 40 suka yi rantsuwa a kan abin da suka gani a ɗakin, watau aka baje sirrin matarsa a bainar jama'a, kuma bai yi amfani ba. Masana tarihi a yau ba su da shakka cewa ɗanta ne.

A nan ne ya dace mu waiwayi gida. Fadar Kano ma ta san matan da aka kawo daga wata ƙasa. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya auri Maryam 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗansa Abdullahi Maje Karofi ya auri Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ita ce ta haifi Alu. Da Yusufu ya rasu a tsakiyar Basasar Kano a 1894, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Yusufawa suka tsayar da Alu shi ne wannan dangantaka ta wajen uwa, domin suna fatan Sakkwato za ta ji nauyin jininta. Asalin Saudatu ya zama tsani ga ɗanta saboda gidan da ta fito shi ne tushen addini da ikon da Kano ta yarda da shi. Gidan da Mariya ta fito kuwa, da Fafaroman da ya sa baki a aurenta, su ne ainihin abin da Ingila ke gudu. Mace ɗaya ce a matsayi ɗaya, baƙuwa mai ɗauke da sunan gidan ubanta, amma ɗaya ta jawo wa ɗanta sarauta, ɗaya ta jawo wa nata asararta tun yana cikin zanen goyo.

Ranar 30 ga Yuni, ranar da kotu ta sallami limaman nan bakwai, wasu manyan ƙasa su ma bakwai suka aika wa William takarda cewa ya zo da soja. Ya sauka a kudu maso yammacin Ingila ranar 5 ga Nuwamba. Hafsoshin James suka riƙa sulalewa suna komawa wajensa, Anne ma ta gudu ta bar ubanta. Cikin daren 9 ga Disamba, Mariya ta yi shigar mai wankau, ta fita da jaririnta ɗan wata shida tare da wani Bafaranshe mai suna Lauzun, suka haye kogin Thames cikin ruwa da iska, suka kama hanyar bakin teku, suka shiga jirgi sai Calais. James ya biyo ta kafin ƙarshen watan. Ba ta sake taka ƙasar Ingila ba.

Shekara 30 a ƙasar wani

Mu ma mun san yadda ake raba sarki da ƙasarsa. Alun da muka ambata yana hanyar dawowa daga Sakkwato Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ma a Lakwaja ya cika a 1924. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya aka kai shi Azare a 1963. Waɗannan duka wanda ya tuɓe su shi ya zaɓa musu wurin zama, ya sa musu ido. James da Mariya kuwa wurin abokin gaban wanda ya kore su suka gudu, kuma wannan ya sa zamansu ya zama wani iri: ana girmama su matuƙa, ana kuma amfani da su. Louis na Goma Sha Huɗu ya fito da kansa ya tarye ta, ya ba su fadar Saint-Germain kusa da Faris, ya yanka musu kuɗin shekara. Suka kafa fada sosai, da wazirai da fadawa da jakadu, sai dai babu ƙasa.

James ya gwada komawa ta Ailan, William ya karya shi a bakin kogin Boyne a 1690, ya dawo Faransa. A 1692 Mariya ta sake haihuwa, mace, Louisa Maria. Kafin haihuwar James ya aika wa manyan matan Ingila goron gayyata su zo su gani da idonsu, ko za a wanke zargin kasko, ba wadda ta zo. Haihuwar dai ta nuna cewa matar da aka ce ba za ta iya haihuwa ba tana iyawa, amma a lokacin gaskiyar ba ta da sauran amfani ga kowa a Landan. Majalisa ta riga ta yi doka a 1689 cewa ɗan Katolika, ko wanda ya auri 'yar Katolika, ba zai hau gadon Ingila ba, ta kuma ƙarfafa ta da wata a 1701. Wannan doka ita ce ta fallasa ainihin maganar, domin da matsalar ita ce yaron ba ɗan Sarki ba ne, da ba a bukaci a haramta wa 'yan Katolika gado ba.

James ya rasu cikin Satumba 1701. Louis ya amince da ɗan a matsayin James na Uku, Mariya ta zama mai riƙe masa al'amura kafin ya balaga, kusan matsayin Mai Babban Ɗaki a fadar Kano, sai dai ita har da harkar jakadu a hannunta. A nan ne, a ganina, za a iya kama ta da laifi in ana son kamawa. An sha nuna wa ɗan nata cewa in ya bar Katolika hanyar gado za ta buɗe masa, musamman da ya bayyana cewa Anne, wadda ta hau a 1702, za ta mutu ba magaji. Ya ƙi, kuma tarbiyyar uwarsa na cikin abin da ya sa ya ƙi. Ɗan siyasa zai ce ta yi asarar masarautu uku saboda taurin kai. Amma mu da muke yabon wanda ya yi hijira don addininsa, da wuya mu ga baikenta don ta fifita nata addinin bisa kambi. Da Anne ta rasu a 1714, aka tsallake dangi masu yawa da suka fi kusa saboda Katolika ne, aka ɗauko George daga Hanover ta Jamus.

Shekarunta na ƙarshe sun yi nauyi. Fadar Saint-Germain ta cika da 'yan gudun hijira daga Ingila da Sikotilan da Ailan, waɗanda suka bar gonakinsu da gidajensu saboda mijinta, yawancinsu ba su da abin sawa a baka. Fam 50,000 na shekara da aka yi maganar biyanta lokacin sulhun Ryswick a 1697, William ya hana. Ta riƙa sayar da kayan adonta tana ciyar da su. A 1712 agana ta kama 'ya'yanta biyu, namijin ya tashi, Louisa ta rasu tana da shekara 19. Sulhun Utrecht na 1713 ya wajabta wa Faransa ta fitar da ɗan nata daga ƙasar, ya koma Lorraine. Louis ya mutu a 1715, yunƙurin da magoya bayan ɗanta suka yi a Sikotilan a wannan shekara ya watse, shi kuma aka ƙara tura shi gaba har Italiya, ƙasar da uwarsa ta baro tana yarinya. Ita ta zauna a Faransa, mijinta da 'yarta suna kabari, ɗanta yana bayan duwatsu, ga ciwon daji a mama yana cinta.

Inda ta fi samun natsuwa shi ne gidan zuhudu na Chaillot, inda takan je ta yi makonni tare da masu ibada. Gidan na ƙungiyar nan ne da ta so shiga tun tana Modena, kuma surukarta Henrietta Maria ce ta kafa shi a 1651, lokacin da ita ma take gudun hijira a Faransa. Mariya ta rasu a Saint-Germain ranar 7 ga Mayu 1718 tana da shekara 59, aka binne ta a Chaillot. A zamanin juyin juya halin Faransa aka rushe gidan, kabarinta ya ɓata. Ɗanta ya rasu a Rum a 1766 bai taɓa hawa gado ba. Dokar da ta hana mai jiran gadon Ingila auren 'yar Katolika kuwa sai a 2013 Majalisa ta soke ta, sokewar ta fara aiki a 2015, amma ta bar sharaɗin cewa wanda zai hau gadon shi kansa ba zai zama ɗan Katolika ba.